Yadda zaki toya wainar shinkafa mai laushi a gida, har da miyar taushenta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka fita da maigida da yara, a hanyar dawowa muka tsaya wani gidan abinci irin na zamanin nan mai esi da kujeru masu taushi, na ce a kawo min waina da miya tunda na ganta cikin jerin abincinsu. Da aka kawo a ido ba ta da makusa, fara tas an jera guda 4 a faranti, amma ina gutsura na san tun safe aka toya ta aka zo aka ɗumama, gefen ya yi tauri kamar ganda cikin kuma ya cushe, miyar ma ruwa daban ganye daban. Na ci abin da zan iya ban ce komai ba, amma gaskiya raina bai so ba, don kuɗin guda huɗun nan ya kusa isata sayen shinkafar da zan toya wa gidan gaba ɗaya.

Ba wai ina kushe cin abinci a waje bane fa, ni mai son fita ce, tsire da balangu da gurasa bandasho duk a waje nake saye don ba zan taɓa yin su kamar masu sana'ar ba. Ita kanta wainar, wadda ta fi kowacce daɗi da na taɓa ci a bakin titi na ci ta, a Bauchi, lokacin da muka je biki. Su can masa suke ce mata kuma kowa ya san sun yi suna a kanta. Wata dattijuwa ce take zama bayan sallar asuba da tandarta ta ƙasa a kan murhu, tandar ta yi baƙi ƙirin saboda shekaru, hannun dama ludayi hannun hagu ɗan siririn ƙarfen juyawa, kafin ta gama zuba ramin ƙarshe na farko ya isa juyi. Na ce Inna a bani ta ɗari biyar, ta ce 'yata ki ɗan jira wannan ta sauka, wadda ke cikin kwanon ta huce. Ina tsaye ta kwaso min ita tana tururi, bayanta ja-ja yana ƙaras-ƙaras, cikin kamar auduga. Tun daga ranar na gane waina ba ta son jira, daga tanda sai baki, shi yasa ta gida ta fi ta yawancin gidajen abinci in dai kin iya ƙullun.

To ƙullun nan shi ne komai, kuma a wajen goggona na koya, ita ce ake kira duk sanda za a yi suna ko biki a danginmu. Bari in bi dake daki-daki yadda take yi da 'yan abubuwan da na ƙara gane wa kaina.

Shinkafar da zaki saya

Shinkafar tuwo zaki nema, fara ɗanya wadda ba a turara ba. Wannan shi ne kuskuren farko da amare suke yi, su ɗebo shinkafar dafa-duka ta buhu su jiƙa, ita kuwa an riga an turara ta tun tana cikin ƙaiƙayinta kafin a cashe, ko kwana nawa ta yi a ruwa ba zata baki ƙullu mai kyau ba, wainar sai ta fito da nauyi tana danƙo. In kin je kasuwa ki ce ta tuwo ko ta waina, ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza, in ta fashe ta zama gari fari kamar alli to ita ce. Karyayya ma ba laifi tunda markaɗawa za a yi, sau da yawa ma ta fi araha.

Awon da nake yi wa gidana shi ne gwangwani 5, ina nufin gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi. Yana bani waina tsakanin 30 zuwa 35, ya danganta da girman ramin tanda. Sauran kayan: yis babban cokali 1, suga babban cokali 3 ko 4, gishiri ƙaramin cokali 1, albasa babba 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, 'yar kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu a jiƙa a kofi, sai man gyaɗa na tuya. In kina da kindirmo ludayi 1 yana ƙara mata ƙamshi amma ba dole bane.

Jiƙo da dafa 'yar shinkafa

Cikin gwangwani biyar ɗin nan ki ware 1 gefe. Sauran 4 ki wanke ki rege sosai don shinkafar gida ba a raba ta da tsakuwa, kuma tsakuwa ɗaya in ta shiga inji duk wainar zata riƙa ƙasa-ƙasa a baki. Ki zuba ruwa ya sha kanta ki barta aƙalla awa 6, in ta kwana ma ya fi. Alamar ta jiƙu shi ne ki murza ƙwaya tsakanin yatsu biyu ta narke.

Wancan gwangwani ɗayan kuma ki dafa shi ba gishiri ba mai, ya dahu luguf har ya wuce yadda ake ci da miya, ya kusa zama tuwo. Ki baza a faranti ya huce sarai. Wannan dafaffiyar ita ce sirrin laushin, ita ke riƙe ruwa a cikin wainar ta hana ta bushewa bayan an sauke. Na taɓa ganin ƙyashin bata lokaci na tsallake wannan matakin, wainar ta tashi ƙalau a tanda amma kafin a gama karin safe ta zama kamar biskit. Haka kuma kar ki ce bari in ƙara yawanta don ta fi laushi, in ta yi yawa cikin ba zai taɓa soyuwa ba, zai riƙa kama wuƙa yana caɓewa. Ɗaya cikin biyar ɗin nan ya isa.

Markaɗe

Ki tsane jiƙaƙƙiyar ki sake ɗauraye ta, ki haɗa da dafaffiyar ki murmushe da hannu don kar ta dunƙule, ki yanka rabin albasar a kai. In inji zaki kai, dan Allah ki je da kanki ko ki aiki babba, ki ce wa mai injin ya wanke shi tukunna. Sau nawa ana dawo wa mutum da ƙullu ja saboda an gama markaɗa kayan miya, ko yana ƙarnin wake saboda mai ƙosai ta riga ki. Sannan ki ja masa kunne kan ruwa, su burinsu inji ya yi saurin wucewa sai su yi ta antaya ruwa, ke kuma kauri kike so don daga baya kina iya sirkawa amma in ya tsinke da wuya ki dawo da shi yadda yake. Ni da ruwana nake zuwa a 'yar jarka in ce Malam wannan kawai za a sa.

In blanda zaki yi amfani da ita ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan da ɗan ruwa daidai wanda zai sa ta juya, kina hutar da ita don kar ta ƙone, kuma in ta yi zafi tana ɗumama ƙullun. Ki taɓa da yatsa, ana so ya yi laushi amma da ɗan tsaki-tsaki kaɗan da ƙyar zaki ji shi, ba sumul kamar kamu ba.

Tashi, inda aka fi samun matsala

Ki juye a roba ko bokiti mai girma wanda ƙullun bai wuce rabinsa ba, don zai kumbura ya ninka, in mazubin ya yi ƙanƙanta da safe a ƙasa zaki tarar da rabinsa. Ki jiƙa yis ɗin a ɗan ruwa mai ɗumi da suga cokali 1, ɗumin da zaki iya wa jariri wanka da shi ba mai zafi ba, domin yis abu ne mai rai, ruwan zafi kashe shi yake. Ki bashi minti 10, in ya yi kumfa a sama to yana da rai, in kuwa ya kwanta shiru kamar ruwan kwata ki zubar ki sayo wani, kar ki yi asarar shinkafarki. Yis ɗin da ake ƙullawa a leda a shago wani lokacin ya daɗe a buɗe ya sha iska, shi yasa gwajin nan yake da amfani. Ki zuba a ƙullun, in da kindirmo ki sa yanzu, ki juya sosai ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi. Gishiri kar ki sa yanzu, yana rage wa yis ƙarfi, sai an zo tuya.

Awa nawa zai yi? Wannan tambayar kullum ake min kuma amsar tana wajen yanayin gari. Lokacin zafi irin na Maris da Afrilu awa 3 zuwa 4 ya tashi, in kika barshi ya kwana a waje da safe tsaminsa sai ya kusa hawa kai. Lokacin hunturu kuwa, Disamba da Janairu, yana iya cin awa 8 ko ya kwana bai gama ba, sai kin lulluɓe bokitin da tsohon bargo ko kin sa shi a rana ko kusa da murhun da aka gama girki. Goggo ba ta duba agogo sam, buɗewa take ta leƙa ta ce ke zo ki gani, in ya yi ido to ya yi. Idon da take nufi shi ne 'yan ƙofofin nan da suke fitowa a saman ƙullun, ya kumburo yana ɗan ƙamshin tsami mai daɗi, in kin sa ludayi kin ji yana ɗan ƙara yana saɓulewa kamar kumfa. Ita a da ma ba ta sa yis, ragowar ƙullun jiya take zubawa a sabo ya kwana, har yanzu wasu masu sayarwa haka suke yi, kuma in kin lura tasu ta fi ɗan tsami mai daɗin nan.

Don haka ki tsara lokacinki. In da safe kike so, ki jiƙa da hantsi ki markaɗa bayan magariba, in ana zafi ya tashi kafin ki kwanta sai ki sa a firij, in ana sanyi ki barshi a kicin ya kwana. In kuma na buɗa baki ne da azumi, ki jiƙa da daddare ki markaɗa da hantsi, bayan la'asar ki hau tuya.

Gyaran ƙullu kafin tuya

Da ya tashi sai ki ɗanɗana a harshe. In tsamin daidai ne bekin foda kawai ya isa. In ya yi yawa ki tsiyayi ruwan kanwar nan cokali 1 ki juya ki sake ɗanɗanawa, a hankali ake bi, don kanwa tana kashe tsami amma in ta zarce wainar zata koma ruwan ɗorawa tana warin kanwa ga ɗaci-ɗaci, kuma ba gyara. Sai gishiri da sauran sugan, da ragowar albasar a yanka ƙanana. Maganar suga kowa da yadda yake so, ni in da miya za a ci ba na cikawa, in kuma yara ne zasu ci da zuma ko haka nan sai in raba ƙullun biyu in ƙara wa nasu. Ki dai sani suga in ya yi yawa yana sa bayan ya yi saurin ƙonewa tun cikin bai yi ba.

Kaurin da ake so shi ne kamar koko mai kauri, in kin ɗaga ludayi ya zubo a jere ba ya faɗo dunƙule-dunƙule ba, ba kuma ya tsiyaye kamar ruwa ba. In ya yi kauri ki sirka da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Daga nan ki buga shi da ludayi na kamar minti 3 iska ta shiga. Wasu suna sa ɗan ruwan karkashi ko garin kuɓewa don ƙarin laushi, na gwada yana yi, amma in shinkafarki mai kyau ce kuma kin sa dafaffiyar ba kya buƙata.

Tanda da wuta

Tandar ƙasa a kan gawayi ko itace ita ce ta fi bada ɗanɗano, don tana riƙe zafi ta raba shi daidai, sai dai tana son haƙuri. In sabuwa ce kar ki fara da ƙullunki mai kyau, ki shafe ta da mai ki ɗora a wuta kaɗan ta sha, ki sauke ta huce ki maimaita sau 2 ko 3, duk da haka zubin farko da na biyu zasu kama, kar hankalinki ya tashi. Kuma ba a wanke ta da omo, gogewa ake da tsumma mai tsafta a kife. Ta ƙarfe mara kamun nan da ake sayarwa yanzu ita ta fi sauƙi a kan gas, da ita nake amfani ranar da nake sauri, matsalarta ɗaya ramin tsakiya ya fi na gefe samun wuta, sai ki riƙa ɗan juya tandar.

Ki bari tandar ta yi zafi tukunna, ki zuba mai kamar ƙaramin cokali 1 a kowane rami, shima ya yi zafi, sannan ki zuba ƙullu kar ya cika taf, ki bar ɗan wuri don zai taso. Kina zubawa ki ji ya ce cuu a hankali, in shiru tandar bata yi ba kuma zai kama, in kuma ya yi ƙara mai yana fallatsi yana hayaƙi wutar ta yi yawa. Matsakaiciyar wuta ake so, mai ɗan karkata zuwa ƙasa. Ki zuba ido, gefen zai fara bushewa ya yi ja, saman ya yi 'yan ƙofofi amma tsakiyar da sauran ruwa-ruwa, to a nan ake juyawa, kar ki jira saman ya bushe gaba ɗaya. Ki zagaya gefen da bakin cokali ko tsinken tsire ki kifa ta da sauri, ɗanyen ƙullun nan da ya rage shi zai gangara ƙasan ramin ya bata ɗaya cikin, ta fito kumbure gaba da baya. In kika bari ya bushe kafin juyi gefe ɗaya zai fito a shafe. Ki ɗan ɗiga mai a gefe, minti 2 haka ta yi.

Ta farko ki fasa ki duba kafin ki ci gaba. In cikin ɗanye bayan ya ƙone, rage wuta. In ta sha mai ta yi fari fat, ƙara wuta. In ta yi nauyi ba ƙofofi a ciki, ko dai bai gama tashi ba ki ƙara masa lokaci, ko ya yi kauri ki sirka. In tana wargajewa wajen juyi ya yi ruwa, ki ɗan barbaɗa garin shinkafa ko semo cokali 2 ki juya ki bashi minti 15. Kuma kowane zubi ki juya ƙullun daga ƙasa saboda tsakin yana kwanciya. Wadda kika kwashe ki sa a kwando ko kwano mai faɗi ta ɗan sha iska minti 1 sannan ki sa a kula, in kika rufe ta da tururinta nan take gumi zai jiƙa ta ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi.

Miyar taushe

Tun ƙullu yana tashi ya kamata ki ɗora miya don kar waina ta zauna jiranta. Nama mai ƙashi kamar rabin kilo, in kin samu tantaƙwashi ko ƙashin rago ya fi, ki tafasa da albasa da gishiri da ɗan citta da masoro. Ki fere kabewa yanki mai kyau ki yanka ki jefa cikin naman ta dahu tare, in ta yi laushi ki tsamo ki dame ta da ludayi. A wata tukunyar ki soya manja ko man gyaɗa da albasa, ki zuba jajjagen tumatir 4 da tattasai 3 da attaruhu daidai bakinki, ya soyu har mai ya taso, sai daddawa dakakkiya, kar ki ji kunyar daddawa don taushe ba ita ba taushe bace. Ki juye naman da romonsa da damammiyar kabewa, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar ludayi 1 da ruwan ɗumi ki zuba, ki rage wuta ki barta minti 15 kina juyawa saboda gyaɗa tana kamu kuma in bata dahu ba tana gafi. Daga ƙarshe alayyahu da 'yar yakuwa da lawashi, minti 5 ki sauke tun ganyen yana kore. Yakuwar kaɗan, tunda wainar ma da tsaminta. Miyar waina ana so ta fi ta tuwo ɗan ruwa yadda zata shiga cikin ƙofofin nan in an tsoma.

Ranar da ba halin miya kuma ba wani abu, ƙuli-ƙuli dakakke da yaji da ɗan man gyaɗa soyayye da albasa ya wadatar, maigida ma ya fi sonta haka da shayi. Yara kuma zuma ko suga.

In ƙullu ya ragu ki sa a firij cikin roba mai murfi, yana kai kwana 2, sai dai zai ƙara tsami don haka ki ɗanɗana ki gyara da ɗigon kanwa, ki fito da shi ya saki sanyi kafin ki toya. Ni na fi son in ƙara masa ruwa kaɗan washegari in yi sinasir da shi, a kasko mai faɗi da ɗan mai, a zuba ludayi 1 a rufe da murfi, shi ba a juya shi, tururin ne yake dafa saman. Wainar da ta kwana kuma kar ki maida ta cikin mai, ki jera a madambaci ko ki ɗora kwando a kan tukunyar ruwan zafi ki rufe minti 5, zata dawo da laushinta, sannan ki ɗan gasa bayanta a busasshiyar tanda kafin ki kai wa mutanen gida.